Ba Wanda Ya Tambayi Asiya

Makoda, ranar Laraba

Zuwa ga ɗan'uwana Barista Sama'ilu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa, ina fatan kana lafiya, kai da yara. Mu nan da sauƙi, sai ƙafata da ke kumbura in na daɗe a zaune. Ruwa ya zauna, gero ya fara fitar da kai. Gonar da Sani ya shuka ta fi ta kowa kyau a layinmu, shi ne bai tsaya ya gani ba. Allah ya jiƙan ɗana.

Na rubuto ne don na san halinka a waya. Za ka cika ni da gaisuwa, kafin in kai ga magana ka ce ana jiranka.

Shekaranjiya da hantsi motar ofishinku ta tsaya a ƙofar gidanmu. Na ɗauka ku ne kuka zo yi wa surukata Asiya gaisuwar mijinta, tunda ranar jana'iza a wajen maza kuka tsaya, daga nan kuka juya. Na sa aka shimfiɗa tabarma a zaure, na dama fura. Sai ga direba shi kaɗai da kwali, ya ce saƙon Barista Asiya ne. Na yi ta sa albarka, a zatona sukari ne da sabulu irin na gaisuwa.

A gabana ta buɗe. Baƙar rigarta ta shiga kotu ce a sama, a ninke, sai farar hular nan taku mai kama da gashin tunkiya. A ƙasa akwai dardumar sallarta, da kofin shayinta, da hoton Sani da yara wanda take ajiyewa a kan tebur. Ko a nan ban gane ba. Na ce ai sun kyauta, sun san za ki so hoton. Ta ɗauki kofin tana jujjuya shi, ta ce, “Inna, da suna jiran in koma, da kofin nan yana can.”

A nan na gane. Na fita zaure na tambayi direban wa ke zaune a teburinta. Ya sunkuyar da kai ya ce wani Barista Muntaka ne, tun makon jiya.

Sama'ilu, kai ɗan Gwaggo Safara'u ne, ni 'yar kawunka ce, tsakaninmu babu ɓoye-ɓoye. Yarinyar nan shekara takwas tana yi muku aiki. Ranar Litinin ta bi motar asuba daga Ɗambatta, sai Juma'a mu gan ta. Shari'ar matan nan masu gyaran riɗi, waɗanda kamfani ya kora don sun ce a daina sallamar mace in ta yi ciki, ita ta ɗauko ta tun daga tushe. Har sunayen matan na haddace, don a tsakar gidan nan take karanta takardunsu Sani yana yi mata dariya. Ka kuma san yadda shekarar nan take. Tun da man fetur ya tashi komai ya bi shi, taki ma rabin buhu muka iya saya, kuma tun da Sani ya kwanta aikinta ne ke riƙe da gidan nan.

Mutuwa ba na jayayya da ita, Wanda ya ba ni shi ya karɓa. Amma kwalin nan hannun mutum ne ya ɗaure shi. Ina so ka gaya mini wane ne a cikinku ya tambayi Asiya kafin a kwashe kayanta.

Ka gaida yara.

'Yar'uwarka, Hure

*

Kano, ranar Asabar

Yaya Hure,

Wa alaikumus salam. Na samu wasiƙarki daga hannun direban Ɗambatta. Allah ya ƙara haƙuri, ya jiƙan Muhammadu Sani, ya raya abin da ya bari. Ƙafar nan kuma kada ki yi wasa da ita, ki je a auna miki jini. Mu nan lafiya lau.

Wallahi na ji kunya da na karanta. Ina nan cikin birni ina da hali, ku kuna can kuna fama, har sai da kika ɗauki biro. Ga shinkafa da masara da man gyaɗa nan na ba direba, kuma in sha Allahu duk wata za su riƙa zuwa har Asiya ta fita takaba. Kada ki sake damuwa da abin da za a ci.

Maganar kwali kuma, ina ganin an yi mana gurguwar fahimta. Mun zauna da abokan aikina, mu biyar masu ofishin, muka duba. Mace mai takaba wata huɗu da kwana goma take yi, kuma na san al'adar gida, ba fita, ba hira da maza. Shi ya sa na hana kowa ya kira ta. Ban ga dacewar namiji ya ɗaga waya ya kira matar da mijinta bai yi wata a ƙasa ba, yana yi mata zancen fayil. Ita kuwa shari'a ba ta jira, an riga an sa ranar zama cikin watan gobe. Dole wani ya riƙe, shi ne muka ba Muntaka. A ƙa'idar ofishinmu babu hutu mai tsawon haka, kuma a halin da ake ciki ba za mu iya riƙe mutum biyu a kujera ɗaya ba. Kayanta mun aiko ne don kada su ɓata.

Don mutuncinta da naki muka yi. Na tabbata da mun ce ta fito, ke ce ta farko da za ki ce Sama'ilu boko ya cinye shi.

Ɗan'uwanki, Sama'ilu

*

Makoda, ranar Alhamis

Sama'ilu,

Assalamu alaikum. Ina gaisuwa. Na je an auna jinin, an ce ya ɗan hau, an ba ni ƙwayoyi. Yara lafiya, ƙaramar ce kawai har yanzu take leƙa zaure in ta ji ƙarar babur.

Kaya sun iso, mun gode. Na raba su a unguwa sadaka ga Sani, ladan naka ne da shi. Ba don mun ƙoshi ba, kada ka ɗauka haka. Na ga in na dafa shinkafar nan, bakina zai yi nauyi, ni kuwa ban gama magana ba. Duk karatunka, na yi maka tambaya ka amsa mini da buhu. Tun kana yaro haka kake, in Gwaggo ta tambaye ka wa ya saki akuya, sai ka ce ka ɗebo ruwa.

Ka ce ni ce zan fara hanawa. Yaushe ka tambaye ni? Ita ba ka tambaye ta ba don kunya, ni ba ka tambaye ni ba don ka riga ka san abin da 'yar ƙauye za ta ce. Ku biyar kuka zauna, duk maza, kuka yi mana takabar a ofis kuka gama.

To ni na tambaya. Na sa mayafi na je wajen Liman. Ya ce abin da aka ɗora wa mai takaba shi ne ta bar ado da ƙamshi, kada a yi mata zancen aure, kuma ta kwana a ɗakin mijinta. In tana da buƙata ta gaske, kamar neman abin da za ta ci da marayu, ta fita da rana ta dawo. Na ce, magana da namiji fa? Ya ce, to da wa kike so ta yi in likita namiji ne? Na ce, 'yar wuƙar da tsofaffi suka ba ta ta riƙe fa? Ya yi dariya ya ce wannan bai gan ta a littafi ba, amma in riƙewar na sa tsofaffi su yi shiru, ba ta da nauyi.

Na dawo na gaya wa Asiya. Ka san yarinyar nan da kunyata, shekara goma ba ta taɓa cin abinci a gabana ba. Ta ce ta san wannan tun tuni, shiru ta yi don kada a ce ta fi son aiki da ɗana. Na ce mata ɗana ni na haife shi, kuma shi ne yake goge mata rigar nan da dutsen guga na gawayi ranar Lahadi, yana cewa kada lauyarsa ta shiga kotu a yamutse. Muka yi kukanmu muka share.

Yanzu bari in tuna maka wani abu, ka yafe mini in ya yi zafi. Da matarka Maijidda ta rasu, Allah ya jiƙanta, ni na zo na riƙe maka gida. Wata biyu ba ka taka ofis ba, ko gemu ba ka iya gyarawa. Abokan aikinka kullum suna falonka, suna kawo takardu kana sa hannu, suna cewa ka huta, kujerarka na nan. Ban ga wanda ya kawo maka kofinka a kwali ba. Kai babu abin da addini ya ɗora maka, aka jira ka. Ita da Allah ya ɗora wa, aka ɗauke kujerar.

Ba alfarma nake nema ba. Ka kira ta, ko ka zo, ka tambaye ta abin da za ta iya da abin da ba za ta iya ba. Tana da baki.

Hure

*

Makoda, ranar Lahadi

Sama'ilu,

Assalamu alaikum. Shiru ya yi yawa. Duk ranar kasuwar Ɗambatta sai na aika a tambayi direba, ya ce ba ka ba shi komai ba. In zancen Maijidda ne ya ɓata maka rai, ban faɗa don in tona maka ciwo ba. In kuwa jikinka ne, ka sa a gaya mini. Mu nan an fara yankan gero, an yi sadakar arba'in, ba mu gan ka ba.

Amma mun yi baƙi. Matan riɗin nan suka haɗa kuɗin mota, su cike da bas, suka zo gaisuwa. Shugabarsu Asama'u, wata doguwa mai tabon ƙuna a hannu, ta kawo ɗan ƙullin riɗi da kantu. Suka shiga har ɗaki suka zauna da Asiya a tabarma, suka yi addu'a. Sai da suka tashi tafiya Asama'u ta ce akwai magana, amma tana jin nauyi. Asiya ta ce ta faɗa.

Ta ce sabon lauyan ya tara su sau ɗaya, bai san sunan ko ɗaya ba. Ya ce kamfani ya yarda ya ba kowacce ɗan abin sallama, su sa hannu a rufe magana, don shari'a da masu hali a wannan zamani wahala ce. Ta ce masa ba sallama suka zo nema ba, so suke a rubuta cewa ba a korar mace don ta yi ciki, saboda 'ya'yansu ma can za su je neman aiki. Ya ce su yi tunani, yunwa ba ta san wannan ba.

Ba na zagin yaron, an ba shi abin da bai san farkonsa ba. Amma matan sun ce ba shi suka ɗauka ba, kuma ba ginin ofishinku suka ɗauka ba, Asiya suka ɗauka. Asama'u ta dube ta ta ce, “Barista, in kin ce mu jira ki fita, za mu jira, ko da za a kori ƙarar.” Asiya ta dube ni. Na ce me kike kallona, ni zan raka ki.

Don haka ta rubuta wa kotu, ta rubuta muku, matan sun dangwala hannu, cewa ita ce lauyarsu. Za ka ga takardar tare da wannan. Fayil ɗin yana wajenku, a ba ta kafin ranar zama.

Hure

*

Kano, ranar Talata

Yaya Hure,

Wa alaikumus salam. Lafiyata ƙalau, ki kwantar da hankalinki. Ina fatan jinin ya sauka.

Ba fushi ne ya hana ni rubutu ba, ko da yake maganar Maijidda ta kwana biyu tana cina, don gaskiya ce. Na kai zancen gaban abokan aikina har sau biyu. Na ce a mayar wa Asiya kujerarta, a kuma rubuta hutun takaba cikin ƙa'idarmu. Mutum ɗaya ya goyi bayana, uku suka ƙi. Ɗaya ya ce in aka buɗe wannan ƙofa, gobe haihuwa, jibi takaba, gara a daina ɗaukar mata gaba ɗaya. Ina cikin lallashinsu takardarku ta iso. Yanzu cewa suke ta janye mana masu ƙara, kuma 'yar'uwata ce ta zuga ta. Kin ɗaure mini hannu, Yaya. Da kin ƙara haƙuri kaɗan.

Abin da na iya samowa shi ne, in ta fita takaba ta dawo ta riƙa yi wa sauran lauyoyi bincike da rubutu daga ciki, ba shiga kotu, albashi ya ɗan ragu. Sharaɗin shi ne ta bar wa Muntaka shari'ar nan. Ki duba yaran nan biyu kafin ki amsa. Lauya mace ita kaɗai, ba ofis, a ƙauye, matan da take tsaya wa kuma ba su da abin biyanta. Ki kuma tuna bakin mutane. Za a ce matar Sani ta shiga mota ƙasar kabarinsa ba ta bushe ba, kuma da sunanki za a haɗa.

In kun dage, fayil haƙƙin masu ƙara ne, ba zan riƙe ba. Muntaka zai kawo shi ƙofar kotu.

Sama'ilu

*

Makoda, ranar Juma'a

Ɗan'uwana Sama'ilu,

Assalamu alaikum. Na gode da ka faɗi gaskiya, na kuma gode da ka tsaya a gaban mutanenka. Ban san kana yi ba, da ka rubuto layi ɗaya da ban zarge ka ba. Jini ya sauka. An kai geron Sani rumbu, ya fi na bara.

Tayinka ban amsa ba, don ba ni aka yi wa ba. Ka sake yin abin nan, ka aiko mini da maganar da take tata. Na miƙa mata wasiƙar ta karanta da kanta. Ta daɗe tana kallon yara suna wasa a gindin rumbu. Sannan ta ce in gaya maka ta gode, amma ba za ta sayar da matan nan ta sayi kujerar bayan ƙofa ba. Na ce ko kin san abin da za mu ci? Ta ce a'a. Na ce ni ma haka, tashi mu nemo gawayi. Ni na goge rigar. Ban iya kamar Sani ba, na ɗan ƙona gefen hannun, ba ya nunawa sosai.

Jiya muka je. Da aka idar da asuba muka hau babur zuwa Ɗambatta, muka shiga bas ɗin Kano. Maganar mutane da ka ji tsoro, an yi ta. Tun a bakin rijiya wata ta ce mini, Hure, yau kuma takabar birni za a yi? Na ce mata e, in tana da saƙo ta bayar. Wadda ta fi ba ni tausayi tsohuwar maƙwabciyarmu ce, ta biyo mu da gudu da 'yar wuƙar nan, wai an manta. Asiya ta karɓa ta sa a jaka don kada ta ɓata mata rai.

A ƙofar kotu masu gadi suka binciki jaka suka ci karo da ita. Ɗaya ya ɗaga ta sama yana tambayar me lauya take yi da wuƙa. Wani dattijo a cikinsu ya dubi fuskar Asiya, ba kwalli, ba ɗan kunne, ya gane, ya ce Allah ya jiƙan musulmi, amma wuƙa ba ta shiga. Na karɓa na kai wa wata mai sayar da lemo a bakin titi ajiya. Da muka fito na tarar tana ta fere lemo da ita, ta ce ta fi tata kaifi. Na bar mata.

Muntaka yana tsaye da fayil a ƙirji, ya rasa inda zai sa idonsa. Asiya ce ta fara gaishe shi. Ya yi mata ta'aziyya, ta amsa, ta tambaye shi wata takarda, ya nuna mata. Ka ga an yi magana da mai takaba, ba abin da ya faɗo.

Ban taɓa shiga kotu ba. Na zauna a baya tsakanin Asama'u da sauran matan. Turancin ban ji ba, sai sunanta da na ji ta faɗa da ta miƙe, da sunan Sani a ƙarshensa. Lauyoyin kamfani uku ne, suka nemi a ba su lokaci, wai ba su shirya wa canjin lauya ba. Asama'u ta raɗa mini cewa sun zo ne da shirin a sa hannu a tashi. Alƙali ya ɗage zaman zuwa bayan wata biyu. Ba a ci ba, ba a faɗi ba, amma ba a rufe ba.

Mun iso gida rana ba ta faɗi ba. Ta cire rigar ta rataye a ƙusar da Sani yake rataye hularsa, ta yi magariba a ɗakinsa, ta kwana a inda aka ce ta kwana. Ban ga abin da ta rage wa ɗana ba.

Na sayar da tunkiya ɗaya saboda kuɗin motar zama na gaba, kada ka aiko da komai, in na rasa zan faɗa da bakina. Abin da ya rage ba a hannuna yake ba. Kujerarta tana wajen wani. Ƙa'idarku har yanzu babu takaba a cikinta, kuma akwai wasu mata biyu a ofishinku, mazansu ba su fi Sani ƙarfi ba. Sannan kai, Sama'ilu, har yau ba ka zo ka zauna a zauren nan ka yi wa Asiya gaisuwar mijinta da bakinka ba.

'Yar'uwarka, Hure